Yash Chopra, Ɗan Lahore

In aka ce fim ɗin Indiya, yawancinmu hoto guda ne ke faɗo mana a rai: dutse lulluɓe da ƙanƙara, jarumi cikin rigar sanyi ya ware hannuwa, jaruma cikin sari marar nauyi iska na kaɗa gefensa, ga sautin goge na tashi daga nesa. Mun saba da hoton har muna ganin kamar da shi aka haifi silimar Indiya. Alhali yana da mai shi, yana da shekarar da ya kafu, kuma bai kafu ba sai da mai shi ya yi shekara talatin yana ba da umarni. Kafin a naɗa wa Yash Chopra sarautar soyayya a Bombay, ya yi fim a kan jaririn da aka yar a daji, da ɗan dako a tashar jiragen ruwa, da mahaƙan kwal da ruwa ya ritsa da su a ƙarƙashin ƙasa. Wanda ya bi sawun aikinsa tun daga tushe zai tarar damuwa guda ce ke cin sa: gidan da aka raba, da mutanen da ke lalubar hanyar komawa ga juna.

An haife shi a Lahore ranar 27 ga Satumba 1932, auta cikin 'ya'ya takwas na wani akanta a ma'aikatar ayyuka ta gwamnatin Turawa a Punjab. Wansa Baldev Raj, wanda aka fi sani da B.R. Chopra, ya ba shi shekara 18, kuma ɗan jarida ne mai rubutu a kan finafinai a zamanin da Lahore ke ji da kanta, da wuraren ɗaukar fim ɗinta da mawaƙanta na Urdu. A watan Agustan 1947 aka ja layi a tsakiyar Punjab, Lahore ta faɗa Pakistan. Kimanin mutum miliyan 15 suka bar gidajensu, 'yan Hindu da Sikh suka yi gabas, Musulmi suka yi yamma, dubban ɗaruruwa suka halaka a hanya. Yash bai cika 15 ba a lokacin da mahaifarsa ta zama ƙasar waje. B.R. ya tattara ya nufi Bombay, ƙanen kuma ya bi shi bayan ya yi karatu a Jalandhar. A gida an so ya zama injiniya. Shi kuwa sai ya shiga yaron darakta, da farko a wajen I.S. Johar, daga baya a ƙarƙashin wansa, wanda a 1957 ya fitar da Naya Daur tare da Dilip Kumar.

Bombay ta lokacin cike take da irinsu, 'yan Punjab da rabuwar ƙasa ta koro. A cikinsu akwai wani mawaƙi Musulmi, Abdul Hayee, wanda ke sa hannu da sunan Sahir Ludhianvi. Shi ma ya zauna a Lahore, ya baro ta ya dawo Indiya. Daga fim ɗin Yash na farko har zuwa ƙarshen shekarun 1970, kusan duk waƙar da muka ji a finafinansa alƙalamin Sahir ne ya rubuta ta.

Fim ɗin farkon shi ne Dhool Ka Phool na 1959, kuma abin mamaki ne a ce saurayi ɗan shekara 27 ya buɗe da irin wannan labari. Yarinya ta yi ciki, saurayin ya guje ta ya auri wata, ta haihu ta ajiye jaririn a daji. Wani dattijo Musulmi, Abdul Rashid, ya tsince shi. Ya zagaya unguwa da shi, 'yan Hindu suka ƙi karɓa don ba su san asalinsa ba, Musulmi ma suka ƙi, sai dattijon ya rungume shi ya rene shi. Yaron ya girma, ƙaddara ta kai shi gaban alƙali bisa zargin sata, alƙalin kuwa uban da ya gudu ne. Shekara goma sha biyu kacal da yanka da ƙone-ƙonen rabuwa, ga ɗan Hindu daga Lahore ya ɗora mutuncin labarinsa gaba ɗaya a wuyan Musulmi. Jama'a suka karɓi fim ɗin hannu biyu.

Da ya ga haka sai ya ƙara zurfafawa. A Dharmputra na 1961 ya juya labarin: jaririn 'yar wani basarake Musulmi ce ta haife shi, wani likita ɗan Hindu da matarsa suka rene shi a matsayin ɗansu. Yaron, wanda Shashi Kapoor ya fito a matsayinsa a karon farko da ya ja fim yana babba, ya tashi da zafin ƙin Musulmi, har ranar tarzoma ya jagoranci gungun da suka nufi gidan da uwar da ta haife shi take ciki, bai sani ba. Fim ɗin ya ci lambar yabo ta ƙasa a matsayin wanda ya fi kyau a harshen Hindi a shekarar, amma a gidajen silima ya tayar da ƙura, kuma bai yi kasuwa ba. Muna ganin a nan ne hanyarsa ta karkata. Ya fahimci akwai ciwon da 'yan kallo ba su yarda a taɓa musu kai tsaye ba, ya shafe sama da shekara arba'in bai sake ɗaukar maganar Hindu da Musulmi da iyakar ƙasa gaba da gaba ba. Rabuwar dai ba ta bar finafinansa ba, kaya kawai ta sake.

A Waqt na 1965 girgizar ƙasa ce ta zama sanadi. Wani attajiri mai alfahari da arzikinsa ya wayi gari gidansa ya rushe, shi da matarsa da 'ya'yansa uku suka watse, ba su sake haɗuwa ba sai a ɗakin shari'a bayan shekaru. Ya tara Balraj Sahni da Raaj Kumar da Sunil Dutt da Shashi Kapoor da Sadhana da Sharmila Tagore a fim guda mai launi, ya zuba motoci da manyan falo da tufafin da matan Indiya suka riƙa kai wa tela. Daga nan ne salon tara jarumai da yawa, da labarin 'yan'uwan da suka ɓace suka haɗu, suka zama ruwan dare, har darakta Manmohan Desai ya mayar da su sana'a. Bayan shekara huɗu ya yi Ittefaq, labarin dare ɗaya a gida ɗaya, ba waƙa ko guda. A 1970 ya auri Pamela Singh, ya fita daga inuwar wansa ya kafa Yash Raj Films, a wani ɗan ofis da darakta V. Shantaram ya ba shi a sitadiyon Rajkamal. Daag na 1973, inda Rajesh Khanna ya tsinci kansa tsakanin mata biyu, shi ne ya tsayar da kamfanin da ƙafafunsa.

Sai dai Indiya ta 1973 ba ta cikin yanayin soyayya. Kaya sun yi tsada, matasa sun gama makaranta ba aiki, ma'aikatan jirgin ƙasa sun tafi gagarumin yajin aiki a 1974, 'yan fasa-ƙwauri sun zama manyan gari a Bombay. Marubuta biyu, Salim Khan da Javed Akhtar, sun riga sun ƙera wa Amitabh Bachchan sabon jarumi mai fushi a Zanjeer. Suka kawo wa Yash labarin Deewaar, Gulshan Rai ya zuba kuɗi, fim ɗin ya fito a watan Janairun 1975, wata biyar kafin Indira Gandhi ta kafa dokar ta-ɓaci.

Ko yau aka kunna Deewaar, ba ya tsufa. Uba shugaban ƙungiyar ma'aikata ne, aka kama iyalinsa aka tilasta masa sa hannu ya sayar da 'yan'uwansa, kunya ta kore shi daga gari. Ma'aikatan da suka fusata suka kama babban ɗansa Vijay, suka yi masa rubutun da ba ya gogewa a hannu, cewa ubansa ɓarawo ne. Uwar ta ɗauki bulo a ka a wurin gini, Vijay ya goge takalma a bakin titi don ƙanensa Ravi ya yi makaranta. Ɗaya ya zama ɗan dako a tashar jiragen ruwa, daga nan ɗan fasa-ƙwauri, ɗaya ya zama ɗan sanda. Lambar tagullar da Vijay ke ɗaurawa a dantse tana ɗauke da 786, wani dattijon ɗan dako Musulmi ya gaya masa wannan ne hisabin Bismillah, kuma ita ta yi ta tare masa harsashi har ranar da ta suɓuce masa. Duk wanda ya ga fim ɗin yana tuna haɗuwar 'yan'uwan a ƙarƙashin gadar da suka kwana suna yara, inda Vijay ya lissafa gidaje da mota da kuɗi ya tambayi ƙanensa shi me ya mallaka, Ravi ya amsa masa da cewa uwa tana wajensa. Salim da Javed ne suka rubuta maganar. Yash ne ya san inda zai ajiye kyamara, da tsawon shirun da zai bari kafin amsar ta fito. Gida guda, uwa guda, 'ya'ya biyu kowa a nasa gefen layin: Punjab ta 1947 ce a cikin rigar ɗan daba da ɗan sanda.

Abin da ya bambanta Yash da sauran masu cin kasuwar fushi shi ne, shekara guda bayan nan ya ɗauki Amitabh ɗin nan ya kai shi Kashmir, ya sa masa rigar sanyi ya mayar da shi mawaƙi. A Kabhi Kabhie na 1976 masoya biyu ne suka haƙura da juna don biyayya ga iyaye, kowa ya yi aure, shekaru ashirin suka wuce, 'ya'yansu suka taso suka tono abin da aka binne. Khayyam ya yi kiɗa, Sahir ya rubuta. Daga nan ya riƙa tafiya da ƙafa biyu. Trishul na 1978 ya ba mu ɗan da ya zo rusa kasuwancin uban da ya yi watsi da uwarsa. Kaala Patthar na 1979 ya samo asali daga bala'in mahaƙar Chasnala kusa da Dhanbad, inda ruwa ya ci sama da mutum 370 a watan Disamban 1975.

A wannan zamanin ne finafinan suka same mu a nan. Tun shekarun 1950 da 1960 Kwarori masu gidajen silima ke shigo da finafinan Indiya Arewa, kuma a Kano samari na cika Plaza da Orion da Marhaba da El Dorado, suna yi wa jarumai laƙabi, Dharmendra ya zama Sarkin Ƙarfi. Ba fassara, ba wanda ke jin Hindi sai tsinta-tsinta, amma ba wanda ya buƙaci tafinta kafin ya gane uwar da ta ƙi cin dukiyar haram ɗin ɗanta, ko budurwar da aka aurar ga wanda ba ta so ta yi shiru. Da talabijin da kaset suka kai finafinan cikin gidaje, mata suka shigo kallo, kuma ba da jimawa ba littattafan soyayya suka cika kasuwar Kano da irin waɗannan tambayoyi na so da biyayya da auren dole.

A can kuwa shekarun 1980 sun zo wa Yash da ƙafar hagu. Sahir ya rasu a watan Oktoban 1980. A Silsila na 1981 ya haɗa Amitabh da matarsa ta gaske Jaya da Rekha a labarin miji da mata da tsohuwar masoyiya, a daidai lokacin da jaridu ke ta raɗe-raɗi a kan su ukun. Ya kai kyamara gonakin furanni na Holan, ya ɗauko gwanayen kiɗan gargajiya biyu, Shivkumar Sharma da Hariprasad Chaurasia, ya sa Javed Akhtar rubuta waƙar fim a karon farko. Waƙoƙin suka rayu, fim ɗin ya yi kwantai. Mashaal na 1984, duk da Dilip Kumar, bai fid da shi kunya ba, Faasle na 1985 da Vijay na 1988 suka bi sahu. Kasuwar ce ta canza. Talabijin mai launi ta shigo Indiya a 1982, na'urar bidiyo da kaset ɗin sata suka zaunar da iyalai a gida, silima ta koma ta samari masu son naushi da harbi. Wansa B.R. ya karanci zamanin, ya koma talabijin da Mahabharat a 1988. Yash ya gwada bin yayin a Vijay, abin bai karɓe shi ba.

Shi da kansa ya sha ba da labarin yadda wata rana yana cikin mota ya lura duk hoton tallan fim da ya wuce akwai mutum riƙe da bindiga, ya ƙudura zai yi fim ɗin da ba faɗa a ciki. Chandni ke nan, 1989. Sridevi cikin fararen kaya, Rishi Kapoor ya faɗo daga jirgi mai saukar ungulu yana yayyafa mata furanni ya shanye, ya kore ta don kada ya zame mata kaya, Vinod Khanna ya shigo rayuwarta, sannan na farkon ya warke ya dawo. A shekarar ce rikicin Kashmir ya ɓarke, kwarin da masu fim suka dogara da shi shekara da shekaru ya rufe musu. Yash ya riga ya leƙa Suwizalan a Faasle, sai ya mayar da ita Kashmir ɗinsa. Ashe ko ƙanƙarar nan da muke gani, wata rabuwar ce ta kai shi gare ta.

Lamhe na 1991, wanda mutane da yawa ke ɗauka shi ne gwanintarsa, labarin yarinyar da ta kamu da son mutumin da ya taɓa son mahaifiyarta, ya yi wa 'yan kallon gida nauyi, amma a Ingila Indiyawa mazauna can suka yi masa cincirindo. Ya riƙe wannan darasi. A shekarar ce gwamnatin Narasimha Rao, da Manmohan Singh a ma'aikatar kuɗi, ta buɗe tattalin arzikin ƙasar, sabbin masu kuɗi suka taso, tikitin da aka saya da fam ko dala kuma ya ninka na rupi sau da yawa. A Darr na 1993 ya ba wani matashin ɗan talabijin, Shah Rukh Khan, matsayin masoyi mai taɓin hankali, 'yan kallo suka fita suna zancen mugun suka manta da jarumin.

Bayan shekara biyu ya zauna a kujerar furodusa ya miƙa wa ɗansa Aditya, ɗan shekara 24, ragamar Dilwale Dulhania Le Jayenge. Ya fito ranar 20 ga Oktoba 1995, kuma silimar Maratha Mandir ta Bombay ta ci gaba da haska shi har ya haura mako 1,000 a watan Disamban 2014. Sirrin fim ɗin yana cikin abin da jaruminsa Raj ya ƙi yi. Uwar masoyiyarsa Simran da kanta ta ba su gwala-gwalanta ta ce su gudu, shi kuwa ya ce ba zai ɗauki yarinya ba sai ubanta ya damƙa masa ita da hannunsa. Masoyan Kabhi Kabhie sun yi biyayya sun rasa juna, masoyan finafinan da suka gabata sukan gudu ko su mutu, wannan kuwa ya nemi so da albarkar iyaye gaba ɗaya, ya kuma samu. Ba abin mamaki ba ne da ya zauna daram a zukatan matasanmu, kuma lokacin da masu shirya finafinan Hausa suka rungumi rawa da waƙa a ƙarshen shekarun 1990, da saurayi biyu budurwa ɗaya, da fita lambu a canza kaya a tsakiyar waƙa, da yawa daga abin da suka ɗauka gidan Chopra ne ya goge shi ya fito da shi fes.

A nan dole mu faɗi abin da aka rasa. Daga Chandni zuwa Dil To Pagal Hai na 1997, talaka ya fice daga finafinan Yash Chopra. Ba ɗan dako, ba mahaƙi, ba uwa mai ɗaukar bulo. Mutanensa sun koma masu falo da jirgin sama, damuwarsu ta zuci ce kaɗai, Punjab kuma ta zama gonar furanni rawaya da ake kewa daga Landan. Waɗanda suka kwaikwaye shi, irin su Karan Johar wanda ya fara koyon aiki a Dilwale, sun ɗauki ƙyallin sun bar ciwon. Mu da muka ga Deewaar muna da hakkin jin wannan rashi.

Amma bai mutu da bashin Lahore a wuyansa ba. A 2004, shekarar da dangantakar ƙasashen biyu ta ɗan yi sanyi har 'yan wasan kurket na Indiya suka je Pakistan, ya fitar da Veer-Zaara. Matuƙin jirgin sojan Indiya ya ƙaunaci 'yar wani babban gida a Lahore, ya yarda ya yi shekara 22 a kurkukun Pakistan da sunan da ba nasa ba don kada ya ɓata mata suna, ita kuma ta tsallaka ta zauna a ƙauyensa tana riƙe da makarantar 'yan mata, tana zaton ya mutu. Wata matashiyar lauya Musulma ce ta tsaya masa. Lambar fursunan ita ce 786. Don kiɗan, ya tono sautukan da Madan Mohan ya bari bai yi amfani da su ba kafin rasuwarsa a 1975, ya kira Lata Mangeshkar tana dab da shekara 75 ta rera. Dattijo ɗan shekara 72 ya koma kan maganar da ya ajiye tun Dharmputra, a wannan karon ya naɗe ta cikin soyayya, aka saurare shi a ɓangarorin biyu na Punjab da duk inda 'ya'yanta suka watsu.

A waɗannan shekarun ne ya mayar da ɗan ofishin Rajkamal daula. Kamfanin ya buɗe rassan rarraba finafinai a Ingila da Amurka, ya gina katafaren sitadiyo a unguwar Andheri, ya haɗa shiryawa da rarrabawa da sayar da waƙa a hannu guda, abin da Bombay ta daina gani tun zamanin manyan sitadiyo na da. Lokacin da bashi ya durƙusar da Amitabh, gidan Yash ya taka ya nemi aiki, aka ba shi Mohabbatein na 2000. Gwamnati ta ba Yash lambar Dadasaheb Phalke ta 2001 da Padma Bhushan a 2005, mutanen Interlaken kuma, da suka ga yadda Indiyawa masu yawon buɗe ido suka cika musu gari, suka kafa masa mutum-mutumi a 2016.

A watan Satumban 2012, a bikin cikarsa 80, ya shaida wa Shah Rukh Khan a bainar jama'a cewa Jab Tak Hai Jaan ne fim ɗinsa na ƙarshe. Saura wani ɓangare na waƙa guda da ya yi niyyar ɗauka a Suwizalan, zazzaɓin dengue ya kwantar da shi, ya rasu ranar 21 ga Oktoba, fim ɗin ya fito ranar 13 ga Nuwamba ba tare da wannan ɓangaren ba. Kamfanin na hannun Aditya, kuma tun watan Agustan waccan shekarar, da Ek Tha Tiger na Salman Khan, ya samo sabuwar rijiya: finafinan 'yan leƙen asiri. War ya biyo baya a 2019, Pathaan na 2023 ya tara sama da rupi biliyan 10 a duniya, kuɗin da babu fim ɗin da uban ya ba da umarni da ya kusanci samu. A Tiger da Pathaan ma jarumin Indiya kan haɗu da 'yar Pakistan zuciya ta karkata, sai dai yanzu dukansu biyun ma'aikatan leƙen asiri ne, kowa da bindigarsa.